Kwano Ɗaya da Surukina a Hanyar Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A Dawanau ina tsaye ina duba buhun wake sai in ji an dafa ni, "Alhaji Habibu, ya Gana?" A ƙofar masallacin garinmu ma haka. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa guntun ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni sana'ata wake da zoɓo. Da kwanon awo na fara a kasuwar Bagwai, yau alhamdu lillahi ina loda mota. Neman kasuwa ne ya kai ni Kumasi, don na ji ana cewa mutanen can suna cin wake kamar ba gobe. Da ni kaɗai na tafi, da labarin bai wuce na je na dawo ba. To amma surukina Malam Sule, mahaifin matata Rabi, yana da ƙane a Zangon Kumasi, wanda ya tafi fataucin goro tun suna samari bai sake waiwayo gida ba. Da Baba ya ji zan tafi, sai ya gaya wa matarsa, ta gaya wa Rabi, Rabi ta gaya mini cewa shi ma yana son ya ga ɗan'uwansa kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Haka magana take tafiya tsakanina da shi, alhali daga gidana ana hango rumbunsa.

Rabi ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Nawa ma bai taɓa kira ba, Alhaji yake ce mini, kafin in je Makka kuwa "wannan" nake. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi ma bai taɓa sha a gabana ba.

Ana gobe za mu tafi Rabi ta zaunar da ni. Ta ce Baba yana da ciwon suga, kullum da safe yana shan ƙwaya, kuma in ya sha dole ya ci abinci. In bai ci ba jikinsa ya kama rawa, ya yi ta zufa, ya fara sambatu, daga nan sai suma. "Na ba ka amanarsa," in ji ta.

Na ce, "Ai ba yaro ba ne."

Ta ce, "Da yaro ne ai da sauƙi."

Daga Kano muka hau babbar mota zuwa Legas, kujerarmu ɗaya, shi ta taga. Ni da na saba barci da minshari a mota, sai ga ni zaune tsaf kamar mai jiran alƙali. Amma na samo dabara. Duk inda aka tsaya salla sai in sayo abinci, in kai shi wata inuwa, in ajiye a gefensa ba tare da na dube shi ba, in ce, "Baba, bari in je in duba kaya." Shi kuma ya ce, "To, a duba da kyau." Sai in zagaya bayan mota in ci nawa a tsaye. In na dawo, kwano ya zama wayam, kowa ya yi kamar kaji ne suka cinye. A Kaduna dabarar ta yi aiki, a Lokoja ta yi aiki. Yaron mota har ya fara hararata, don ya ga nakan duba kayan da ba a taɓa ba.

A Agege muka sauka gidan wani Alhaji Tanko, mai masaukin fatake, wanda wani abokin sana'a ya haɗa ni da shi. Mutum ne mai fara'a da surutu. Bayan gaisuwa ya dubi Baba ya ce, "Baba, wannan ɗanka ne?"

Baba ba zai iya buɗe baki ya ce mijin 'yata ne ba. Ya dubi tabarma ya ce, "Namu ne."

Shi ke nan, Alhaji Tanko ya sa aka kawo faranti ɗaya babba, shinkafa da kaza guda an soya ta ta yi ja, ya zauna tsakiyarmu ya naɗe hannun riga. "Bismillah. Uba da ɗa, ba baƙo a nan."

Ni da Baba muka haɗa baki, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke."

Ya yi magiya, muka yi rantsuwa. Muna zaune muna kallo mutumin nan ya bi kazar daga cinya har wuya, yana ba mu labarin tsadar haya a Legas. Cikina ya yi wata ƙara, na yi tari don in rufe. Cikin Baba ya amsa, shi ma ya yi tari. Sai da mai gida ya tashi na samu na sayo shayi da burodi na ajiye a ɗaki, na tafi duba kaya.

Washegari da sassafe aka ce motar Akara ta kusa cika, mu yi sauri. Ina gani Baba ya jefa ƙwayarsa a baki ya juya baya ya kora da ruwan buta. Na ce a raina, in mun isa iyaka ya karya.

Motar ƙarama ce. Gaba wani fasto ne mai jiki, ya kama wurin mutum biyu shi kaɗai. A baya Baba ta taga, ni a tsakiya, sai wata mata 'yar Gana a ɗaya gefen, sunanta Anti Efuwa, tana sarin robobi da tukwane daga Legas. A gefen Zangon Kumasi ta tashi, don haka tana jin Hausa, irin tasu ta can wadda ba ruwanta da mace da namiji. Ni kuma ina da ɗan Turancina na cinikin zoɓo. Da wannan da wancan muka yi ta fahimtar juna. Matar nan tun da mota ta tashi bakinta bai huta ba, in ba magana ba to ci. Ta kwance wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, da soyayyen kifi da yaji, ta miƙo mana. Muka ce a ƙoshe muke. Ta ce, "Ku Hausa kullum a ƙoshe, amma ba wanda ya yi ƙiba."

A Seme, iyakarmu da Benin, kowa ya sauka aka buga masa hatimi. Ana cikin duba tukwanen Anti na zaunar da Baba a kan wani benci, na sayo masa koko da ƙosai, na ce zan duba kaya. Wannan karon kayan ma da gaske ake dubawa. Da na dawo, ga koko, ga ƙosai, ƙuda na bi, babu Baba.

Na zagaya wurin nan har kaina ya yi zafi. Duk dattijon da na hango da farar riga sai in bi shi, in tarar ba shi ba ne. Ina tsaye a ƙofar ofishin jami'ai ina tunanin yadda zan yi sallama, da wace kalma zan fara, sai Anti Efuwa ta ture ni gefe ta shige. Ba sallama, ba rusunawa. Ta tsaya gaban teburin babbansu ta yi Turanci, ta juya Faransanci, ta nuna tsayin Baba da hannu, ta kwaikwayi tafiyarsa. Ni kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma kafin ka ce me, an haɗa mu da wani jami'i, ya kai mu can ɓangaren Benin. Ga Baba zaune a rumfar wasu 'yan canji mutanen Damagaram, ya miƙe ƙafa, suna ta muhawara a kan ko geron bana zai kai na bara. Hausa ya ji ana yi, ya bi ta har ya tsallaka ƙasa.

Jami'in ya ce mini, cikin ladabi, kada in sake sakin hannun tsohon nan. Direba kuwa ya rantse in aka kuma, tafiyarsa zai yi. Kun ga inda na shiga. In na bar Baba shi kaɗai ya ɓace, in ban bar shi ba ba zai ci ba.

Da muka kama hanyar Kwatano na ce wa Anti, "Gaskiya kin yi ƙarfin hali. A garinmu mace ta shiga wa manya haka, sai a ce ba ta da kunya."

Ta yi dariya har motar ta girgiza. Ta ce a Turanci abin da ta yi sunansa "bold", kuma yabo ne, uwa takan yi wa 'yarta fatan ta zama haka. Ta tuna mini wani ƙato da ya tsallake layi a Seme, ana yi masa ihu yana murmushi. "Wancan shi ne 'shameless'. Shi ma bai ji kunya ba, ni ma ban ji ba. Amma shi don kansa ya yi, ni don tsohonka." Muna cikin haka direba ya miƙo hannu baya, bai ko waiwaya ba, ya ɗauke mata kan kifi ya jefa a baki. Ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya. Ta ce wannan kuma "cheeky" ne, rashin kunyar da ba ta kai a yi fushi ba, sai dai a yi dariya a kai duka.

Na ce mu ma muna da su, akwai ƙarfin hali, akwai tsaurin ido, akwai fitsara. Sai dai mu mun fi saurin ɗauko na zagin. Ta tambaye ni wanne ne nawa a ciki. Na ce ni mai kunya ne. Ta ce, "To Bature yana da sunan wannan ma, amma ba zan faɗa maka ba, kana da girma."

Kwatano garin babura ne, mata da manyan zannuwa suna tuƙa nasu, ba mai kallonsu. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk hanyar nan shi ne yadda mutane ke cin abinci a fili. Babban mutum da kwat yana tafe yana gatsar burodi. Mace da mijinta da wani tsoho, wanda Anti ta ce daga gani uban matar ne, sun sa kwano ɗaya a bakin titi suna ta hira. Baba ya gani ta taga, ya ce, "A'uzu billahi," ya kau da kai.

Na gwada dabaru. Na sayi ayaba ta taga na ajiye a cinyarsa, na rufe fuskata da hula na yi kamar barci ya ɗauke ni, har da minshari. Da na ɗaga hular, ayaba tana nan, an ma gyara mata zama. Na roƙi fasto su yi musanyar wuri da Baba, ya ce bayansa na ciwo. Na ce to ni da Anti mu yi musanya don in yi nisa da shi. Baba ya ji, ya ce, "Alhaji, a haɗa ni kafaɗa da matar mutane?" Aka bar wannan.

A iyakar Togo, da kuma Lome, hannunsa na cikin nawa kamar ɗan makaranta. A nan ne Anti ta ja ni gefe ta ce in gaya mata gaskiya, me ya hana tsohon nan ci. Na gaya mata ba ubana ba ne, uban matata ne, na kuma gaya mata zancen ƙwaya. Ta riƙe haɓa.

Ta ce, "To ai da sauƙi. Ka ce masa ka saki 'yarsa daga nan zuwa Kumasi. Ya ci abinci, in kun isa ka mayar."

Na ce, "Subhanallahi! Anti, rufa mini asiri. Wannan kalma a wurinmu ba a wasa da ita, in ta fita ta fita."

Ta ce, "Abinci ba a ci, magana ba a faɗa. Ku da me ake wasa a garinku?"

Muka shiga Gana ta Aflawo bayan la'asar. Baba ya yi shiru, na ɗauka gajiya ce. Muna dosar wani gari da ke bakin wata babbar gada sai na ji kafaɗarsa ta jiƙe ta jiƙa tawa. Na saci kallonsa. Zufa ce ke zuba, hannunsa yana karkarwa a kan gwiwa. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Habibu, an kai wa shanun nan dusa kuwa?"

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce sai Akara. Ni da ban iya shiga ofis ba tare da sallama ba, ban san lokacin da na damƙi wuyan rigarsa ta baya na daka masa tsawa da Hausa ba. Bai ji Hausa ba amma ya taka birki.

Muka fito da Baba muka zaunar da shi a gindin wata bishiya, wurin masu sayar da abinci. Anti ta ruga ta kawo lemon kwalba mai zaƙi ta kai masa baki. Ya dube ni, ya datse leɓe, ya kau da kai. A wannan halin! Na matsa zan ɓuya a bayan mota, sai ya yunƙura zai tashi ya bi ni, yana zancen shanu, ya tafi luu zai faɗi. Dole na dawo na riƙe shi.

Anti ta ce, "Alhaji, kunyarku za ta kashe tsohon nan a ƙasarmu."

Na tuna fuskar Rabi. Na ce wa Anti ta samo abinci, kwano ɗaya. Ta kawo daga wurin wata Hajiya mai mayafi, shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ya yi ja, an zuba baƙin yaji, ga dafaffen ƙwai, ga kifi. Na tuɓe takalmi, na zauna a ƙasa daf da gwiwarsa, na wanke hannu a gabansa. Na yi bismillah da ƙarfi. Na kai loma, na tauna ina kallonsa, har da tanɗe yatsa. Wallahi ban ji ɗanɗanon lomar nan ba, ji na yi kamar na fito kasuwa ba wando.

Na ce, "Baba, ga shi na ci a gabanka. Kunya ta riga ta zube, kuma ni na zubar da ita, ba kai ba. In mun koma gida duk wanda ya tambaya ka ce ni ne."

Ya zuba mini ido.

Na ce, "In ba ka sha lemon nan ba, yanzu zan kira Rabi a waya. Rabi, 'yarka. In gaya mata ubanta ya ƙi cin abinci."

Ya ce, "Kai!"

Na dunƙula loma na ɗaga. "Ko kuwa in ba ka a baki, a gaban matar nan da fasto?"

Ya fizge kwalbar daga hannun Anti ya kafa kai. Sai da ya shanye tas. Masu abinci sun kewaye mu, fasto yana ta addu'arsa a gefe. A hankali rawar hannun ta lafa, idonsa ya dawo daidai. Ya dubi kwanon, ya dubi bishiya, ya ce da bishiyar, "A ba ni ruwan wanke hannu."

Muka ci kwano ɗaya ni da surukina a bakin titin Gana. Can sai na ga hannunsa ya tsallako ɓangarena ya ɗauke ƙwan, ya koma ya ɗauke kifin ma. Ya ce, har yanzu da bishiya yake, "Waken nan bai kai namu ba."

Anti ta tafa hannu ta nuna ni ta ce "bold". Ta nuna Baba da ƙwai a baki ta ce wannan kam "cheeky" ne. Baba ya tambaye ni me take cewa. Na ce tana yi masa sannu.

Labarin Kumasi ba shi da tsawo. Mun rabu da Anti a Akara, ta ba ni sunan wata ƙawarta mai sarin wake, kuma alhamdu lillahi tafiya ta yi albarka. Baba da ƙanensa Malam Iro da suka ga juna sun daɗe a tsaye, sannan kowa ya fara yi wa ɗan'uwansa tsiyar furfura. Zango kuwa kamar an ɗauko wata unguwa ta Kano an dasa a cikin kurmi, sai dai Hausar ta lanƙwashe, yara suna ce wa kakarsu "shi". Na ci sakwararsu da miyar gyaɗa, wadda ba a taunawa sai haɗiya. Na ga jana'izar da ake kafa rumfuna ana kiɗa da rawa, har na tambaya auren wa ake.

Dawowa ce ta ba ni wuya, ta wata fuskar. Baba ya sake gaba ɗaya. Duk inda mota ta rage gudu sai in ji gwiwar hannu a haƙarƙarina. "Alhaji, ba ka ga masu kifin can ba ne?" A Agege ya zauna gaban farantin Alhaji Tanko ya rama abin da ya wuce, mai gida da ƙyar ya tsira da fiffike. A Lokoja ya ce tsiren da na sayo ya yi kaɗan. Ya ba ni labarin samartakarsa, har da waɗanda bai kamata suruki ya ji ba. Amma na lura muna wuce Zariya ya fara rage magana. Muna wuce Dawanau ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya gyara hula. Kafin mu karya kwanar Bagwai ya koma kallon taga.

A zaurensa mutane suka cika ana barka da sauka. Aka fito da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ƙamshi ya cika wurin. Ni kuwa hannu ya riga ya saba. Na matso, na jawo kwanon ruwa, na wanke hannu. Baba ya dubi liman, ya dubi mai unguwa, sannan ya dubi ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Alhaji, ba za a je a duba kaya ba?"

Na tashi da jiƙaƙƙen hannu na fita, ina jin dariyar liman har bakin hanya.

Bayan magariba Rabi ta dawo daga gidansu ta same ni a tsakar gida. Na ce, "To, me ya ce?"

Ta ce da farko ya ƙi magana, sai da Innarta ta matsa masa. Ya ce ƙasashe ya gani, mutane iri-iri ya gani, amma bai ga marar kunya irin mijin yarinyar nan ba.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "A'a. Ya ce in riƙe ka da kyau."